Abin da Aka Ɓoye wa Mai Taga

Shekara ashirin da shida ke nan Malam yana rubuta shafinsa a jaridar ranar Asabar, shekara ashirin da shida kuma matarsa tana ɗanɗana kuɗarta. Sunan shafin "Daga Bakin Taga", don a bakin tagar falo yake zama ya rubuta shi, har mutanen unguwa suka bar sunansa na gaskiya suna ce masa Mai Taga. Ba ya taɓa siyasa, wannan kam a yaba masa. Abin da yake rubutawa shi ne abin da ya kira ƙananan abubuwan rayuwa: bishiyar gwaibar da ke tsakar gida, littattafai, 'yar tafiya in ta kama, abin da aka ci jiya, da kuma iyali. A cikin ƙananan abubuwan nan, iyalin ne suka fi shan wuya.

Ita a shafin sunanta Mai Ludayi. Duk garin ya san tana minshari, ya san ta taɓa zuba wa baƙo gishiri a shayi, ya san haƙorinta na gaba ba nata ba ne. Mai nama in ya hango ta a kasuwa sai ya fara murmushi tun ba ta iso ba, ita kuma ta san makon nan an sake yin ta. Ta yi faɗa, ta yi gaba, ta yi kuka, daga baya ta gane faɗan ma kayan aiki ne: ranar Asabar sai ta gan shi a jarida, an gyara masa zama, an bar wa Malam maganar ƙarshe. Daga nan ta koyi yin shiru. Shirun ma ya yi rubutu a kansa, mako biyu a jere.

Tsarin aikinsa bai taɓa canzawa ba. Laraba ya rubuta da hannu, Alhamis da safe ya karanta mata a teburin karin kumallo, sannan ya sa takardun a jaka ya kai wa edita da ƙafarsa, don bai yarda da aike ba. Karatun kuma ba shawara yake nema ba, so yake ya ga inda za ta yi dariya.

Shekara biyu da suka wuce, Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta samu ciki bayan shekara shida da aure. Cikin yana wata biyu ta gaya wa uwar a kicin, ba su lura Malam yana wanke hannu a bakin ƙofa ba. Ranar Alhamis ya karanta wani abu mai suna "Baƙo Yana Tafe". Gaskiya ɗaya ce, rubutun ya yi kyau, har Mai Ludayi ta share ƙwalla, ta ce Allah ya kawo shi lafiya, ta bar shi ya fita da takardun. Wannan barin shi ne abin da har yau ba ta yafe wa kanta ba. Bayan mako uku cikin ya zube. Jarida kuwa ba ta san an yi ɓari ba. Wata bakwai cur mutane suna tare Auta a wurin aiki da bakin titi, suna duban cikinta suna tambayar yaushe ne. Wata tsohuwa mai son shafin har 'yar hula ta saƙa ta aiko. Auta ta daina zuwa kasuwa, ta daina ɗaga waya in ba ta san lambar ba. Makon da abin ya faru, a kan tururuwa Malam ya yi rubutu.

To yanzu ga shi Allah ya sake ba ta. Likita ya ce ta kwanta, ko buta kada ta ɗauka. Mijinta kuma aikin gina gada ya kai shi nesa, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Ba yadda za a yi, dole ta dawo gidan iyayenta. Ranar da ta iso ta ja uwar ɗaki ta rufe ƙofa.

"Mama, in Baba ya sani ya sa ni a jarida, gidana zan koma in kwanta ni kaɗai. Abin da zai faru ya faru."

Mai Ludayi ta san 'yarta. Ba barazana ba ce, kuma gidan Auta a hawa na uku yake, ba kowa a ciki sai bango.

Aka gaya wa Malam ciwon baya ne. Ya ce ai baya shi ne ginshiƙin ɗan Adam, maganar ta burge shi, ya ciro biro ya rubuta ta a bayan ambulan, bai kuma tambayi wane likita take gani ba. Ɓoye wa mutum ciki a cikin gidansa aiki ne da ya kamata ya yi wuya. Amma Malam, wanda masu karatu ke rubuto wa cewa ko ƙuda ba ya giftawa bai gan shi ba, yana iya gaisawa da 'yarsa sau uku a rana idonsa bai sauka ƙasa da haɓarta ba. Duk da haka wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Auta ba ta fitowa daga ɗaki sai da bargo a jikinta, ko da rana tana tsaka.

Haɗarin ranar Talata yake zuwa. In Talata ta yi Malam bai samu abin rubutawa ba, sai ya bar tagar ya shiga zagaya gida kamar kyanwa mai jin yunwa, ya buɗe tukunya, ya leƙa kwandon shara, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaran takalmi alhali kunnensa yana ciki. Mai Ludayi ta yi nazari ta ga magani ɗaya ne: a ciyar da shi tun kafin ya fita farauta.

Ta fara da abinci, don nan ne fagenta. Ta bar shinkafa ta kama da gangan, ya rubuta shafi guda a kan ƙanzo da darasin da ke cikinsa ga ma'aurata. Mako na gaba ta sayo wani zane a wurin mai talla a bakin titi, ta rataye shi a falo. Ita kanta ba ta san ina ne samansa ba, ashe a kife ta sa shi. Malam ya tsaya a gabansa hannu a baya, ya gano jirgin ruwa a ciki, ya gano kaɗaici, ya gano wata mace tana jira a gaɓa. Sai da maƙwabciya ta shigo ta karkata kai ta ce ai saniya ce. Ba a gaya masa ba. Da zanen ya ƙare, ta tuna masa ya daɗe bai ziyarci wansa ba. Tafiyar awa biyu ce a mota, ya kwana ɗaya ya dawo, ya fitar da shafi huɗu a cikinta, har da wanda ya bayyana cewa matafiyi kansa yake nema, ba gari ba. A gaskiya abin da ya nema a tashar tabaransa ne, kuma yana kan goshinsa.

Wanda ya fi kowanne daɗewa shi ne sheƙar tsuntsu. Iska ce ta yar da ita a gidan maƙwabciya, Mai Ludayi ta karɓo, ta hau kujera ta dasa ta a reshen gwaibar da ke kallon tagar, ta saka ƙwan makwarwa biyu da ta saya a kasuwa. Mako biyar Malam yana jiran ƙyanƙyasa tare da dubban masu karatu. Ya yaba wa haƙurin uwar tsuntsun, wadda bai taɓa gani ba, ya ce kunya ce ta hana ta fitowa. Da ƙwan suka fara wari ta kwashe su, shi kuma ya rubuta cewa 'ya'yan sun tashi da sassafe ba sallama, kamar yadda 'ya'ya ke yi. Edita ya ce an daɗe ba a samu wasiƙu irin na wannan karon ba.

Tana yi tana jin haushi, tana kuma jin wani abu mai kama da alfahari, don ta ga shafin bai taɓa daɗi kamar yanzu da ita ke shirya shi ba. Auta kuwa ciki yana ta girma lafiya. Katin asibiti da hotunan da likita ke ɗauka na abin da ke cikin, Auta ce ta samo musu maɓoya. Ta ce a saka su a cikin babban littafin tarihin da ke saman kantar Baba, don duk gidan babu wurin da ya fi cikin littattafansa aminci. Littafin nan Malam ya ambace shi a shafinsa sau tara. Da Mai Ludayi ta buɗe shi, wasu shafukan ma a manne suke tun daga wurin bugu.

A wata na shida dabara ta ƙare mata. Talata ta yi, ba ƙanzo, ba zane, ba sheƙa. Ta fito daga kicin ta tarar da Malam a bakin ƙofar Auta, biro a hannu, yana cewa akwai wani abu game da kaɗaicin majinyaci da ba a taɓa rubuta shi yadda ya kamata ba. Ta faɗi abin da ya fara zuwa bakinta: ta ce ya daɗe bai ce komai a kan littattafansa ba, ga su can ƙura tana cin su. A tunaninta zai yi yadda ya saba, ya zauna daga nesa ya kwafi sunayen da ke jikin bangon littattafan ya ce abokansa ne na tun ƙuruciya. Ina ta san wannan karon ƙanshin tsohuwar takarda zai so ya bayyana, kuma mutum ba ya bayyana ƙanshi sai ya sunsuna? Garin gyaran gira ta rasa ido. Ya jawo kujera ya hau, ya ɗauko wanda ya fi kowanne girma.

Ita ba ta gani ba, tana can tana yanka albasa. Abin da ta lura da shi kawai shi ne bai ci abincin rana ba, kuma ranar Laraba ya wuni yana rubutu bai nemi shayi ko sau ɗaya ba. Har ta gaya wa Auta cewa makon nan ma sun tsallake.

Alhamis da safe ya zauna, ya ture burodin gefe, ya gyara tabarau ya fara karatu. Layin farko ya ce ya buɗe littafi yana neman ƙanshi, sai wani ɗan hoto baƙi da fari ya faɗo, ya ɗauka wata ne a cikin gajimare. Mai Ludayi ta ajiye kofin da ke hannunta.

Bai ɗago ba. Ya karanta cewa shekara biyu da suka wuce ya sayi wasu 'yan takalma da ba su kai tsawon yatsansa ba, kuma har yau suna cikin aljihun tebur na ƙasa, a bayan tsofaffin birai. Ya karanta cewa makon da ya yi rubutu a kan tururuwa, ya yi ne don ya kasa ɗaga kansa daga ƙasa. Ya ce ya san shi ya buɗe wa duniya ƙofar ɗakin 'yarsa, kuma tun daga ranar bai iya dubanta da kyau ba. Babu darasi a ƙarshe, babu karin magana, babu wurin dariya.

Shekara talatin da bakwai tana tare da mutumin nan ba ta san da takalman ba. Tausayinsa ya kama ta, ta ji ƙwalla tana zuwa, kuma ƙwallar ce ta farkar da ita, don ta tuna ta taɓa zubar da irinta a kan teburin nan.

"Ba za ka kai wannan ba, Malam."

"Ban ambaci sunan kowa ba."

"'Ya'ya mata nawa gare ka a gidan nan?"

Nan Malam ya tashi da bayani. Ya ce marubuci amana yake riƙe da ita ta masu karatu. Ya ce a shekara ashirin da shida wannan ne kaɗai abin da ya rubuta da jininsa, kuma neman gafara ne, wa ya taɓa hana mutum neman gafara? Ya ce wata shida an mai da shi baƙo a gidansa, ana ɓoye masa abu kamar ba shi ya haifi yarinyar ba, shi da idonsa ba ya barin komai. Wannan ta ƙarshen ce ta tsinke mata haƙuri. Ta gaya masa komai, ba ta rage ba: shinkafar, saniyar da ke kife, tafiyar, sheƙar da ƙwan kasuwa. Malam ya saurari labarin shinkafa da saniya bai motsa ba, amma da aka zo kan ƙwai sai ya dafe ƙirji ya tambaya ko tana nufin babu uwar tsuntsun ma. Ta ce babu, kuma ba wannan ne a gabansu ba.

"Ka ce gafara kake nema. To ga mai gafarar can a ɗaki, taku goma ne. Tashi ka karanta mata. In ta ce ka kai, ni zan ɗaukar maka jakar."

Malam ya duba agogo ya ce edita yana jira. Ya ce mai ciki ba a tayar mata da hankali. Ya ce irin wannan rubutu an yi shi ne don ido, ba don kunne ba, shi da ya shekara ashirin da shida yana cika mata kunne da shi. Mutumin da yake yi wa gari guda magana duk mako ya tsaya yana goge tabarau don kada ya yi wa mutum ɗaya. Mai Ludayi ta ɗauke jakar ta rungume, ta tsaya a bakin ƙofar fita. Da ya ga ba hanya, ya tattara takardun ya nufi ɗakin kamar mai zuwa wurin cire haƙori.

Auta tana kwance a gefe ɗaya, bargon yana can ƙasan gado. Ta miƙa hannu za ta jawo shi, ta ga takardun, ta ga fuskar uwarta a bayansa, sai ta fasa. Malam ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya karanta tun daga farko har ƙarshe, idonsa a kan takarda. Auta ba ta katse shi ba. Da ya zo wurin takalman ta rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen hancinta ya sauka a kan filo.

"Ya yi kyau, Baba," ta ce da ya gama.

Malam ya ɗago, fuskarsa ta fara washewa, har ya waiwayi matarsa don ta shaida.

"Wancan ma ya yi kyau," in ji Auta. Sannan ta dubi uwar ta ce a sauko mata da akwatinta daga saman kabad.

Ba wanda ya motsa. Mai Ludayi ta san in akwatin nan ya sauko ba zai koma ba, kuma ta san matakalar gidan Auta guda arba'in da biyu ce. Malam ya dubi akwatin, ya dubi takardun, sannan a karo na farko cikin wata shida ya dubi cikin 'yarsa. Ya daɗe yana dubansa. Ya sunkuya ya ajiye takardun a bakin gado, a hankali, kamar zai iya canza ra'ayi kafin su sauka. Ya ce zai je ya gaya wa edita makon nan babu, ya fita hannu rabbana.

Mai Ludayi ba ta yarda da shi ba, hali zanen dutse ne. Tana tsoron kada ya zauna a ofishin ya sake rubuta shi daga ka. Kwana biyu ba ta da sukuni, akwatin kuma Auta ta sa an sauko da shi, ta ce a bar shi a ƙasa. Ranar Asabar ta riga kowa zuwa wurin mai jarida, ta buɗe a tsaye a bakin titi. A wurin da "Daga Bakin Taga" ya saba zama, tallan katifa ne, da hoton wani mutum yana barci baki buɗe. Ta saya ta kawo gida, ta mai da akwatin saman kabad da kanta.

Malam kuwa tun safe ya yi wanka ya zauna a bakin taga, waya a kan cinya. Ya ce yau ba za a huta ba, masu karatu za su ɗauka mutuwa ya yi, kuma ya tanadi amsar da zai ba su, gajeriya mai mutunci. Hantsi ya yi, ya duba ko wayar tana da caji. Rana ta take, ya sa matar ta kira shi daga kicin don a tabbatar layin yana shiga, ya shiga. Da la'asar wayar ta yi ƙara sau ɗaya, ya bari ta yi uku don kada a ce jira yake, ya ɗaga da muryar marubuci. Mai gyaran famfo ne, yana cewa sai Litinin. Mai Ludayi ta sha yin addu'ar ganin ranar da bakin mutumin nan zai mutu, ga ranar ta zo, kuma ba ta yi mata daɗin da ta zata ba.

Rana ta yi sanyi, Auta ta fito falo tana dafa bango, ba bargo, rigar ta ɗame a cikin. Ta zauna a kujerar da ke fuskantar ta uban, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura. Malam ya juya wayar a hannunsa, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Kin ga, Auta, ba wanda ya kira. Ko mutum ɗaya."

Auta ta ɗaga tata wayar ta duba, ta kife ta a kan hannun kujera, ta saki ajiyar zuciya mai tsawo.

"Ni ma, Baba," ta ce. "Ba wanda ya kira ni."

Malam ya tashi ya jawo ɗan teburin da yake ɗora takardunsa, ya tura shi ƙarƙashin ƙafafunta.